Ba a Nan Gizo Ke Saƙar Ba

Kwananmu biyu a tungar su Gwaggo, a bakin tafki ta wajen Wara, ɗan ƙanena ya tashi da safe yana sosa wuya. Wani jan layi ne ya taso daga ƙasan kunnensa ya gangaro har kafaɗa, kamar an ɗana masa bayan wuƙa mai zafi, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun jeru a kai. Gwaggo ta kamo haɓarsa ta juya shi wajen haske. Ba ta yi wani dogon nazari ba.

"Tautau ne. Ya bi ta kansa yana barci."

"Gwaggo, kin gan shi ne?"

"Wa ke ganin tautau yana aikinsa? Kai dai miƙo mini tsintsiya."

Kafin hantsi ya dubi ludayi an kashe manyan gizo-gizo uku: ɗaya a bayan kalanda, ɗaya a jikin zana, na ukun kuma wata babba ce da ta fito daga bayan randa rungume da farin faifan ƙwanta a ƙarƙashin ciki. Aka kwaɓa toka da man kaɗanya aka shafa wa yaro, magana ta ƙare. A wajen Gwaggo dai ta ƙare. Ni kuwa kalmar ce ta tsaya mini a rai, don a cikin gaɓa biyu kacal ta faɗi sunan ƙwaron, ta faɗi sunan ciwon, ta kuma yanke hukunci, ba shaida ba rantsuwa.

Mutanen bakin ruwan nan ba ragwaye ba ne wajen raɗa suna. Ka tsaya a kasuwar kifi ta Yelwa ka ji yadda ake rarrabe abin da ya fito daga koma: giwan ruwa, ragon ruwa, ƙarfasa, tarwaɗa, ramboshi, kurungu, yauni, faliya, tsage, minjirya mai jan mutum kamar lantarki, har zuwa warangi, 'yan mitsi-mitsin nan da ake shanyawa a rana. Yaro ɗan shekara goma ba zai haɗa tarwaɗa da ramboshi ba, ko da yake baƙo zai rantse kifi ɗaya ne. Haka wajen macizai. Kasa daban, kumurci daban, gamsheƙa daban, kububuwa kuma har laƙabi aka ƙara mata, gobe da nisa, sunan da shi kaɗai ya isa gargaɗi. Abin da ke ciyar da mutum da abin da ke kashe shi, harshe ba ya musu jam'u.

To amma gizo-gizo fa? Kundin da masana ke tara sunayensu a birnin Bern na ƙasar Suwizalan ya haura nau'i 50,000 a shekarar 2022. Mu a bakin yau da kullum guda biyu muke juyawa. Mai siraran ƙafafu da ke rataye a kusurwar rufi, shi ne gizo-gizo, abin sharewa. Wanda ya cika ido, mai gudu, mai gashi-gashi, shi ne tautau, abin tsoro. Ka tambayi mutum biyar su nuna maka tautau, sai ka ga an nuna maka halittu uku. Girma ne ma'aunin, da kuma yadda gaba ya faɗi a lokacin da aka gan shi.

Wannan talaucin suna, a ganina, shaida ce babba. Da gizo-gizo na kashe mutane a ƙasar Yauri, da tuni kowane irinsa ya sami suna da kirari.

Inda Hausa ta yi wadata shi ne a kan Gizo kansa. Dubi ma yadda kalmar ta ninku. Muna cewa ja-ja, fari-fari, ruwa-ruwa, gishiri-gishiri, idan abu ya yi kama da wani abu amma bai kai shi ba. Kunne kan ji gizo-gizo kamar haka: mai kama da Gizo. Matarsa ma haka, Ƙoƙi ce a tatsuniya, ƙoƙi-ƙoƙi kuma ƙwaron nan ne mai ɗaga hannuwa kamar yana roƙo. Sai ka ce mutanen tatsuniyar su ne na asali, ƙwarin kuma aron suna suka yi. A duk tatsuniyoyin da na ji a gindin kakata, ban taɓa jin an ƙirga wa Gizo ƙafafu ba. Yana noma, yana neman aure, yana zuwa fada, yana cin amanar kura, yana magana da tsamin bakinsa. Turawan da suka tattara tatsuniyoyinmu, irin su Frank Edgar daga 1911 da Rattray da Tremearne a 1913, sun tarar da shi cike da labaran, kamar yadda Ananse ya cika na Ashantawa, wanda bayi suka ƙetare teku da shi har Jamaika. Abin lura shi ne, a duk ɓarnar Gizo babu dafi. Makaminsa baki ne da wayo.

Daga nan sunan ya bazu. Bakan gizo na sama bayan ruwa, da bakan gizo na magina, wanda ke ɗauke da rufin soro. Gashi idan ya cukurkuɗe a ce ya yi gizo. Abu idan yana gilmawa a ido ba a kama shi ba, a ce yana yi mini gizo. Yana kuwa ta kunu ce, ta madara ce, ta ido ce, ta gizo ce, har zamani ya zo aka ɗauki yanar gizo aka ba intanet, fassarar da ta zauna daram kamar don ita aka ƙirƙiri kalmar. Mai tatsuniya kuma idan ya kai ƙarshe, Gizo yake jingina wa ƙaryar da ya shara, ya wanke kansa ya tafi barci. Tun muna yara aka koya mana cewa akwai wanda ake ɗora wa laifin da ba a san mai shi ba.

Addini ma ya sa hannu, ta fuska biyu. Sura ta 29 a Alƙur'ani sunanta Ankabut, wato gizo-gizo da Larabci, kuma an buga misali da raunin gidansa. Ga kuma labarin kogon Saur lokacin Hijira, inda aka ce ya yi saƙa a bakin kogon har masu bin sawu suka juya. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancin wannan ruwayar, amma ta riga ta shiga jinin jama'a, shi ya sa za ka ga dattijo ya hana yaro taka gizo-gizo. Dattijon nan dai shi ne zai ce a share yana don barinta na jawo tsiya. A share gidan, a bar mai gidan. Ban san wata shawara ta masana da ta fi wannan daidai ba, ko da yake ta wata hanya aka iso gare ta. Sai dai kariyar ba ta kai ga tautau ba. Shi ba a lissafa shi cikin zuriyar mai saƙar kogo.

Hausa na da tsanani wajen aikatau na cutarwa. Maciji sara yake yi. Kunama da rina da zuma harbi. Sauro da kare da kuɗin cizo, cizo. Kowanne an ga makaminsa, an ga lokacin da ya yi amfani da shi. Da ka zo kan tautau sai harshe ya fara inda-inda: ya bi ta jikinsa, ya taɓa shi, ya yi masa fitsari, ko kuma a ce kawai tautau ya fito masa, kamar yadda ake cewa ƙyanda ta fito. A wannan jimla ta ƙarshe ƙwaron ya ɓace gaba ɗaya, saura ciwo. Rashin tsayayyen aikatau ɗin nan yana tona asirin cewa ba wanda ya taɓa kama shi a kan aikin. Kuma batun fitsari ba shi da tushe: abin da gizo-gizo ke fitarwa ɗan farin ɗigo ne mai kauri, irin wanda ake gani a bango ƙarƙashin yanarsa, ba ya ƙona fata.

Daren da ya biyo baya na zauna kusa da fitilar sola da aka rataye a ƙofar ɗakin da yaran ke kwana. Duk wanda ya san bakin tafkin nan ya san abin da farar fitila ke tarawa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya kwanta tsawon sama da kilomita 130, ya tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu. Gungawa da yawa sun bar gungunansu a ƙarƙashin ruwa, amma sunan da Hausawa suka ba su ya biyo su tudu, su kuwa Bareshe suke kiran kansu. Suna kan daɗe bayan dalilinsa ya nutse. Tafkin yana cika yana janyewa duk shekara, kuma inda ya janye nan ake shinkafa da albasa, ƙasa mai laima, cike da ruɓaɓɓen ciyayi. Ƙwari kuwa nan ne gidansu.

A cikin tarkacen da ke faɗowa ƙarƙashin fitilar na gan shi. Siriri ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, kai baƙi, ƙirji ja-ja, sai baƙi, sai ja, sai baƙin wutsiya da yake ɗagawa sama in an taɓa shi kamar ƙaramar kunama. In ba ka lura ba ka ce tururuwa ce ta yi ado. Masana na kiran danginsa Paederus. A Kenya ƙudan Nairobi ake ce masa, ko da yake ba ƙuda ba ne, kuma ya yi ɓarna sosai bayan mamakon ruwan 1997 zuwa 1998. A kudancin Nijeriya, inda likitoci suka ba da rahoton ɓarkewarsa tun 1990, wasu na yi masa laƙabi da siket da bulawus saboda launinsa biyu. A wasu sassan Indiya kuwa ciwon da yake jawowa lasar gizo-gizo ake kiransa. Ashe ba mu kaɗai muka yi wa gizo ƙazafi ba.

Ƙwaron nan ba ya cizo, ba ya harbi. A cikin ruwan jikinsa akwai wani sinadari mai suna pederin, wanda wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikinsa ke samarwa. Yana sauka a wuyan mai barci, mai barci ya kai hannu ya murje shi ya ja, layin da hannu ya bi shi ne layin ciwon. Ba a jin komai a lokacin. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu fata ta yi ja, ta yi bororo, tana raɗaɗi kamar ƙuna. Idan a lanƙwasar gwiwar hannu ne, sai ciwon ya fito gefe biyu suna kallon juna, inda fata ta haɗu da fata. Idan hannun ya kai ga ido, ido ya kumbura ya rufe. Wannan jinkirin shi ke wanke mai laifi. Kafin ciwon ya bayyana an share gawarsa tuni, wanda ke manne a bango ido na ganinsa shi ne tsintsiya za ta samu.

Nan ma kalmominmu sun ɗan gaza. Dafi shi ne abin da ake zuba wa mutum a jini, ta haƙori ko ƙari ko bakin kibiya. Guba kuwa ta baki take shiga. Na wannan ƙwaro bai bi ko ɗaya ba, mutum ne da hannunsa ke shafa wa kansa. Manoman gero sun fi kowa kusa da gane wannan, don sun san hangara, wadda ke cin furen gero ta kuma bar wa mutum bororo in ya murje ta. Ita an san ta da suna, shi ya sa ba a kashe gizo-gizo a madadinta. Maganin duka biyun ɗaya ne kuma ba ya cin ko kwabo: in ƙwaro ya sauka a jiki a hure shi ko a kakkaɓe, kada a murje. In an riga an murje, a wanke wurin da hannuwa da sabulu da ruwa nan take. A nisanta fitila daga shimfiɗa, a saki gidan sauro. Ciwon kan warke cikin mako biyu zuwa uku ya bar baƙin tabo da ke gushewa a hankali, in dai ba a cusa masa datti ba.

Da a nan rumfar tautau ta tsaya da sauƙi. Amma kalmar faffaɗa ce, tana rufe abubuwan da ba su haɗa komai ba. Akwai dattijon da zai ji zafi kamar wuta a gefe ɗaya na haƙarƙari, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje masu ruwa su fito a jere kamar ɗamara, su tsaya cak a tsakiyar baya ba su tsallaka ɗaya gefen ba. Wannan ƙwayar cutar ƙarambau ce da ya yi tun yana yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, ta farka da ƙarfin jiki ya ragu. Akwai maganinta, acyclovir, amma ya fi aiki idan an fara cikin kwana uku da fitowar ƙurajen. Kwana ukun nan su ne ake ɓatarwa wajen shafa toka da neman tautau a bayan randa. In a fuska ta fito kusa da ido, tana iya taɓa gani. In kuma matashi ta kama, ma'aikacin lafiya zai so ya duba abin da ya raunana garkuwar jikinsa. Akwai kuma ƙurajen yara masu ɓawo kalar zuma a gefen baki da kunne, da maruru mai tara mugunya, waɗanda bakteriya ke jawowa kuma suna bin yara ɗaya bayan ɗaya a gida. Duk na ji an kira su tautau. Mai kemis kuma in aka ce masa a ba da maganin tautau, sau da yawa man shafawa mai sitiroyid zai miƙo, wanda kan lafar da ja ya bar ƙwayar cuta tana ci ta ƙasa.

Kada a ɗauka wannan duhun kai ne na ƙauye. A wani asibiti a Kalifoniya ta Amurka an bi diddigin mutum 182 da suka zo da kukan gizo-gizo ya cije su, aka wallafa sakamakon a 2011: waɗanda cizon ya tabbata ba su kai 4 cikin 100 ba, kusan 86 cikin 100 kuwa ciwon fata ne na ƙwayoyin cuta. A jihar Kansas kuma an taɓa tattara gizo-gizo 2,055 na wani nau'i mai dafi na gaske a gida ɗaya cikin wata shida, mutum huɗu na zaune a gidan shekara da shekaru, ba wanda aka taɓa sanin ya ciza. Su ma suna da nasu tautau ɗin, da Turanci kawai suke kiransa.

Waɗanda Gwaggo ta kashe fa? Mai faɗin nan da ke lafewa a bango kamar an liƙa shi, da babbar mai rungume da ƙwai, mafarauta ne na dare. Kyankyaso suke ci, da asu, da ƙwarin fitila. In an matse su a tafin hannu za su iya cizo, zafin kuma ba ya wuce na rina. Na rufi mai siraran ƙafafu kuwa yanarsa cike take da sauro, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara duk damina. A bakin tafkin Biktoriya ma, a Kenya, masana sun gano wani ɗan gizo-gizo mai tsalle da ya fi son macen sauro wadda ta sha jini a kan kowane abinci. Mu kuma sai mu ɗauko fiya-fiya mu fesa a ɗakin da jariri ke kwana don mu kashe mai kama mana sauro. Sinadarin da ke cikin irin waɗannan, dichlorvos, na gona ne, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna. Tsakanin kwalbar nan da duk gizo-gizon da ke ƙasar Ngaski da Shanga, na san wanda nake tsoro. Wata al'adar da ita ma ta fi cizon haɗari ita ce danna yanar gizo a kan sabon yanka don jini ya tsaya. Ƙurar shekara ce ake cusa wa rauni, kuma ta nan tetanus ke shiga.

Duk da haka akwai guda ɗaya da ta cancanci a san ta, kuma ita ce ba ta da suna a bakinmu. Ƙarama ce, cikinta kamar ƙwayar gujjiya, launin ƙasa-ƙasa, ƙafafu masu ratsin baƙi a gaɓoɓi. Ba ta yawo a bango. Takan yi wata hargitsattsiyar yana mai tauri a inda hannu ke shiga ido bai shiga ba: ƙarƙashin kujerar roba, hannun jarka, bakin bokitin da aka kife, cikin gurar da aka jingine tun bara, tarin itacen banda. In ka juya ta za ka ga wani tambari ja-ja ko ruwan lemo a cikinta mai siffar kalangu. Abin da ya fi saurin tona ta shi ne ƙwanta, ɗan ƙulli fari-fari mai tsinaye ko'ina kamar ƙarangiya. Turawa na kiran danginta da sunan da ke nufin mai takaba, wai don macen kan cinye namijin, kuma 'yar'uwarta baƙa ita ce ta yi suna a Amurka da Afirka ta Kudu. Ta wajenmu ta fi sauƙi, ga tsoro, in an taɓa ta dunƙulewa take ta faɗi kamar matacciya. Amma dafinta na jijiya ne. In ta ciji mutum ba ya barin bororo ko layi, sai zafi da ke ƙaruwa yana hawa gaɓa, wani lokaci da gumi a daidai wurin, a wasu kuma har murɗawar ciki da ɗaurewar nama. A wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha maganin rage zafi. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa da igiya. Idan ƙaramin yaro ne ko tsoho, ko zafin ya bazu zuwa ciki da ƙirji, ko numfashi ya canza, sai asibiti, kuma in an kashe ta a tafi da gawar.

Wato dai sunan tsoro ya faɗa kan wanda ba ruwansa, mai dafin kuma tana fake a ƙarƙashin sunan da ake ba abin sharewa.

Ran da za mu koma Yelwa, wuyan yaron ya fara bushewa. Na kai wa Gwaggo ƙwaron fitilar a cikin murfin kwalba. Ta duba, ta taɓe baki.

"Wannan ɗan abin? Haba ɗan nan. Tautau dai."

Ban ja ba. Na ɗaga kujerar robar da take zama a kai kullum tana gyaran kifi, na kife ta. A lungun ƙafar baya ga ƙulli uku masu tsinaye, ga uwar ta dunƙule a gefe, kalangunta na sama.

"Wannan fa, Gwaggo?"

"Wannan ai gizo-gizo ne, ba ya komai." Ta miƙa yatsa za ta lakato.

Na riƙe hannunta, na ce ta ba ni tsinken tsintsiya. Muka naɗe yanar da ƙwan da uwar, na jefa a murhun banda. Ta tsaya tana kallon wutar, can ta ɗaga murya ta kira jikarta, ta ce a fito da sauran kujerun waje a kife su ɗaya bayan ɗaya.